Muryar da Ba a Rubuta Sunanta Ba

Ni ban san baƙi ba. Ko sunana aka rubuta a jikin bango da gawayi, wucewa zan yi ban san da ni ake ba. Amma shekara goma sha bakwai babu littafin Hausa ko ɗaya da ya fita daga ofishin fassara na majami'armu a Garwa ba tare da ya bi ta kunnena ba. Masu digiri suna nan, masu tabarau suna nan, amma sai na ce ya yi kafin a kai shi wurin bugawa.

Ofishin ɗaki biyu ne a bayan majami'a, ƙarƙashin wata darbejiya. Littattafai suna zuwa da Faransanci cikin kwalaye, a juya su, yawanci zuwa Fillanci, don shi ne bakin gari. Hausa tebur ɗaya aka ba ta a lungu kusa da randar ruwa, kuma Fasto ne mai teburin. Yaro ne a wurina, sa'an ɗana na fari, mutumin kirki wanda ya koyo Hausarsa a makarantar tauhidi can Najeriya. Hausa ce mai tsabta, an wanke an goge, sai dai ba wanda zai iya sayen barkono da ita. Litinin da Laraba nakan je da kwanon gyaɗata in zauna a tabarma. Yana karantawa ina ɓara. In hannuna ya tsaya, shi ma sai ya tsaya, don ya san an taka wani abu. In ce masa babu macen da za ta faɗi haka ga ɗanta, ya tambaye ni yadda za ta faɗa, in faɗa, ya rubuta. Dada yake kirana, yadda Fulani ke kiran uwa.

Sai dai ni ba a majami'a aka haife ni ba. 'Yar unguwar Hausawa ce ni, ta bayan babbar kasuwa. Kakanninmu daga wajen Katsina suka gangaro da fatauci, kuma har yau da tufafi aka san gidanmu. Na auri direban motar auduga, mutumin Kaele, Kirista, ya rasu yanzu. Ba wanda ya ja ni, ni na gan shi na ce shi nake so. Baftisma ma da ƙafata na je na karɓa. Baba ya ce kada ƙafar nan ta sake taka zaurensa, kuma ba ta taka ba har ya bar duniya.

Bayan rasuwar Baba gida ya koma hannun Yaya, wana. Mu biyu ne kawai muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Shi ya aiko matarsa ta same ni da saƙo: akwai ƙaramar ƙofa ta baya, wadda ake fitar da awaki. Ranar Alhamis bayan azahar, lokacin da maza suke kasuwa, za a bar ta ba sakata, in shiga in ga uwata. Sharaɗi ɗaya ne, kuma na riƙe shi yadda ta faɗa mini: "Ya ce ki yi addininki inda kike yinsa, amma kada ya ji ki a bakin mutane."

Kada ku ɗauka ɓoyewa ake yi. Duk unguwa ta san inda nake zuwa ranar Lahadi, duk unguwa ta san wadda ke shiga ta ƙofar awaki. Amma muddin ba a furta abin a gaban Yaya ba, yana iya ɗaukarsa ya je masallaci da shi, ya tsaya a sahun gaba.

Shekara ashirin da ɗaya ina shiga ta ƙofar nan. Inna ta riga ta tsufa, idonta ya yi hazo, amma bakinta bai tsufa ba. Ina shiga za ta ce ta ji takuna tun daga wajen turke, tafiyar agwagwa irin ta dangin ubana. In tsefe mata kai in yi mata kitso, in yanke mata farce, in dama mata kunun gyaɗa da tsamiya, ta sha ta ce na cika ruwa, ta miƙo kwano a ƙara. In an kira la'asar ni nake zuba mata ruwan alwala, in shimfiɗa mata buzu in daidaita mata gabas, in koma bayanta in zauna har ta sallame. Ba ta taɓa tambayata abin da muke yi a majami'a ba. "Wajen mutanenku" take cewa, kamar wani ƙauye ne da ba ta da niyyar zuwa. Ni ma ban taɓa kai mata wa'azi ba. Fasto ya taɓa tambayata ko ina yi mata maganar Almasihu, na ce masa ina yi mata kitso.

To, akwai wata waƙa a gidanmu. Ba ta biki ba ce, ba ta daka ba ce. Waƙar wankan jariri ce, wadda ake yi cikin kwana bakwai kafin suna, lokacin da tsohuwa ta ɗora jinjiri a ƙafafunta tana zuba masa ruwan ɗumi. Inna ta karɓe ta wurin uwarta, ita ma wurin tata uwar. Maganar cikinta kaɗan ce, kirarin kakanni da roƙon Allah ya raya. Muryar ce abin ji: tana hawa sau biyu a hankali, a na uku sai ta karye ta faɗo kamar mai shirin kuka, sannan ta miƙe. Na zaga gidajen suna a Garwa, na Hausawa da na Fulani, ban taɓa jin ta a wani gida ba. Da ita aka wanke ni, da ita aka wanke Yaya da 'ya'yansa. Nawa 'ya'yan, da yake an haife su lokacin da ƙofa take rufe, ni na rera musu da kaina, ina jego, ba tsohuwa a kusa.

Ofishinmu yana fitar da mujalla duk wata uku. Yawancinta fassara ce, wa'azi da shawarar zaman aure da yadda ake kula da mai zazzaɓi. Shafin ƙarshe nawa ne. In ba da labari da baki, Fasto ya rubuta, a ƙasa a sa "wata tsohuwa". Shekaru ana haka. Har na taɓa sayen ƙosai daura da shagon Yaya aka naɗe mini shi da shafin nawa, na gane shi ta zanen kurciyar da ake yi masa a sama. Mai ya jiƙe labarina a gaban shagon wana, ba wanda ya sani. Da na gaya wa Fasto ya yi dariya har da hawaye. Daga nan ne ya ɗauka duk abin da aka cire wa suna ya ɓuya.

Sai aka zo kan waƙoƙi. An fassara littafin waƙoƙi guda daga Faransanci, manya suka ce a ɗauke su a murya, saboda mutanenmu na ƙauyuka da yawa irina ne, takarda ba ta yi musu magana. Lokacin kaset ya fara mutuwa, an koma ɗan katin nan na memori da ake sa wa waya. Aka turo wani mutum daga Yawunde da na'urori, aka ba shi mako biyu.

Cikin waƙoƙin akwai wata mai cewa Ubangiji yana wanke mutum yadda uwa ke wanke abin da ta haifa, ba ƙyama. Maganar ta yi, ni na gyara ta da kaina. Amma muryar Turawa da aka ɗora ta a kai ba ta ɗauke ta ba, Hausa tana ɗingishi a ciki. Ran nan ina zaune ina ɓarar gyaɗa, 'yan koral, wato mawaƙan majami'a, suna ta fama, ban san lokacin da bakina ya ɗauki maganar ya zuba ta cikin waƙar Inna ba. Ta zauna daram. Da na ɗaga kai, mutumin Yawunde ya cire abin kunnensa yana kallona. Fasto ya tambaye ni ta wa ce. Na ce tamu ce. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya duka ba.

Shi ya fara tuna halin da nake ciki, ba ni ba. Ya ce in koya wa wata, ita ta rera. Aka zaɓi wata matar aure cikin koral, malamar lakwal, wato makarantar boko, mai koyar da yara Faransanci, muryarta garau. Kwana uku ina koya mata. Hawa biyun tana yi lafiya, amma in an zo wurin karyewar sai ta lallaɓa ta wuce kamar mai tsallake kwata da sabon zane. Na ce mata a nan ake faɗuwa. Ta ce a koral an hana su sakin murya haka. Na tambaye ta ko ta taɓa wanke jaririn da ba ta da tabbacin zai kai suna. Ta ce a asibiti ta haihu. A rana ta huɗu aka ɗauki muryarta, aka kunna mana, kowa ya ce ta yi kyau. Ni kuwa na ji an yi wa waƙar uwata kwalliya an cire mata rai. Na ture kwanon gyaɗa na miƙe.

"Matsa, 'yata," na ce mata. "Ba haka ake wanke yaro ba."

Sau ɗaya na rera. Mutumin Yawunde bai ce a sake ba.

Washegari kwamitin ofis ya zauna a kaina, dattawa huɗu da Fasto, duk masu karatu, duk masu ƙaunata. Sun san Yaya, sun san sharaɗi. Suka daɗe suna shawara suka fito da abin da suka ga ya isa: ba za a sa sunana a takardar da ke naɗe katin ba, ba hoto, ba sunan unguwa. Ba za a sayar a kasuwa ba, sai a kantin littattafai na majami'a da hannun masu bishara da ke zaga ƙauyuka. Da takardar ta fito Fasto ya kawo mini ita yana bin layukan da yatsa, yana nuna mini inda sunana ba ya nan.

"Kin gani, Dada? Babu abin da zai nuna ke ce."

Su mutanen takarda ne, a wurinsu mutum yana inda aka rubuta shi. Ni kuwa na tashi a unguwar da in mace ta yi tari a bayan katanga, mai wucewa zai yi mata sannu ya kira sunanta. Na san wannan sarai. Ina iya cewa a goge tawa, a bar ta malamar lakwal. Amma na riga na ji kaina a cikin na'ura, na ji yadda na karye a hawa na uku, kuma na san babu macen da za ta yi haka daga nan har Kuseri. Na ce wa Fasto to, ya yi.

Wata biyu ba abin da ya faru, ina shiga ranar Alhamis ina fita. Abin da kwamiti bai sani ba, katin nan ba littafi ba ne da za a kulle a kwali. Mai bishara ya ba mutum ɗaya a ƙauye, shi kuma ya kai wa masu zuba waƙoƙi a waya a tasha, su zuba wa duk wanda ya zo, a cakuɗe da waƙoƙin biki. Wata mai kifi ta majami'armu ta dawo daga Lagdo ta ce mini ta ji matan da ke yin bandar kifi a bakin dam suna bin waƙar, har waɗanda ba sa jin Hausa. In faɗi gaskiya, na koma gida ina jin daɗi. Tsoro yana nan, amma daɗin ya fi shi.

Yadda abin ya kai ga Yaya, daga baya matarsa ta ba ni labari. Yana da abokin ciniki daga Kuseri, Balaraben Shuwa mai sauke masa yadi, Hausarsa ta kasuwa ce kawai. Ya zo da hantsi ya zauna a bencin ƙofar shago tare da dattawan da ke zama a nan kullum, ana shan shayi. Ya ciro waya ya ce bari ya jiyar da su wata tsohuwa da masu kwalekwale suke ji a can, shi bai san me take cewa ba amma tana sa shi tuna uwarsa. Bawan Allah bai yi da mugunta ba. Waƙar wankan gidanmu ta tashi a tsakiyar layin 'yan atamfa, da muryata, da sunan Almasihu a cikinta sau uku. Yaya yana auna yadi, aka ce bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da aunawa har ya wuce inda mai saye ya ce. Da an yi shiru, da wataƙila ya haɗiye wannan ma. Amma akwai wani tsoho a bencin, maƙwabcinmu tun muna yara, wanda ya sha jin waƙar ta kan katanga duk lokacin da aka haihu a gidanmu. Shi ya ce, a gaban kowa, "Alhaji, wannan ai ƙanwarka ce. Waƙar kuma ta Hajiya ce."

Ranar Alhamis na zo da tsamiyata. Na tura ƙofar awaki, na ji sakata. Na ɗauka mantuwa ce, na ƙwanƙwasa a hankali. Can sai na ji takun matar Yaya. Ba ta buɗe ba. Ta sa baki a tsagar ƙofa ta kira ni yadda 'ya'yanta ke kirana.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. An ce kada a buɗe."

Na tambaye ta wa ya ce. Ta ce in je dai, ana kallo. Na miƙa tsamiyar ta saman katanga, ta karɓa. Na tafi a hankali, don kada a ce na gudu.

Ban koma gida ba, kasuwa na nufa. Tun da na yi aure ban taɓa tsayawa a ƙofar shagon Yaya ba. Ran nan na tsaya. Dattawan benci suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da wurin zuwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana ninke atamfa. Na ce masa ba a rubuta sunana ko'ina ba, yana iya aikawa a duba takardar. Ina faɗa ina jin kunyar maganar, don ba tawa ba ce, ta Fasto ce na aro.

Ya ajiye atamfar ya dube ni. Ya tsufa fiye da yadda nake hango shi daga nesa.

"Ni za ki kawo wa takarda? Shekara ashirin da ɗaya ina toshe kunnena saboda ke. Ana yi mini habaici a ƙofar masallaci, ina yin kamar da wani ake. Abu ɗaya na roƙe ki."

Na ce addinina ne, ban saci na kowa ba.

"Addininki naki ne, ban taɓa bin ki majami'a na fito da ke ba. Amma waƙar ta Inna ce. Kin tambaye ta?"

Ban tambaye ta ba. Alhamis takwas na zauna a bayanta ina yi mata kitso bayan an ɗauki waƙar, kunnenta yana tsakanin yatsuna, ban faɗa mata ba. Na san abin da za ta ce, shi ya sa.

Da safe na je ofis na gaya wa Fasto. Nan take ya je kanti ya kwashe katunan da suka rage ya zuba a kwali, ya ɗaure da igiya ya sa a kabad, yadda suke yi wa littafin da aka buga da kuskure. Yana cikin kulle kabad ɗin wani mai babur ya wuce ta bayan taga da waƙar a aljihunsa. Muka tsaya muna ji har ta ɓace. Sai ya ce zai rubuta wa Yaya wasiƙa da hatimin ofis, ya bayyana cewa laifin kwamiti ne. Na ce ya bar wana da takardu haka nan. Ya zauna ya rufe fuska da hannu ya ce in yafe masa. Na ce ba shi ya tsaya gaban na'ura ba.

Damina ta shigo, kogin Binuwai ya cika ya haura gonakin bakin gada. Duk Alhamis ina zuwa in tura ƙofar, in ji sakata, in miƙa abin da na kawo ta saman katanga. Wani lokaci matar Yaya tana tsayawa mu yi magana kaɗan ta tsaga. Ita ta gaya mini Inna ta ji waƙar. Wata maƙwabciya ce ta shigo da ita a waya, wai ta zo jaje. Inna ta ce a kunna, ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake. Da aka gama na biyu ta ce, "Har yanzu tana jan numfashi inda ba a ja." A watan nan matar ɗan Yaya ta haihu, aka ɗora wa Inna jariri a ƙafa kamar yadda aka saba, aka kawo ruwan ɗumi. Ta wanke shi tsaf, bakinta a rufe. Aka ce mata waƙa fa. Ta ce an kai ta kasuwa, mai so ya je can ya saya. Yaron nan shi ne na farko a gidanmu da aka wanke shiru.

A majami'a kuwa waƙar ta zama abin farin ciki. Masu bishara suna dawowa da labarai: wata mata a wajen Lagdo da 'ya'yanta ba sa tsayawa ta ji ta, ta zo tana tambaya, wani tsoho a Kaele ya ce a rera masa ita yana jinya. Fasto yakan fara ba ni labarin da murna, sai ya tuna, ya sassauta murya. Ni abin da nake roƙon Ubangiji ƙofa ɗaya ce ta katako, wadda akuya ke turawa da ka. Dattawan majami'a suka zo gidana suka ce wannan shi ne ɗaukar gicciye, in yi murna an ƙi ni saboda sunan Almasihu. Na ba su ruwa suka sha. Ban gaya musu ba cewa ba don sunansa na miƙe ran nan ba, don malamar lakwal ba ta iya ba ne.

Wajen kaka matar Yaya ta ce Inna ta daina tashi. Ƙafafunta sun kumbura, abinci sai kunu, shi ma cokali uku. Na roƙe ta ta buɗe mini ko na ɗan lokacin shan ruwa. Ta yi kuka ta ce aurenta ne. Ban matsa mata ba. Ɗakin Inna yana jikin katangar lungu, akwai 'yar taga a sama wadda hannu ba ya kaiwa. Na tsaya a ƙarƙashinta na ce, "Inna, ni ce." Na ji motsin tabarma. Na ji tari, nata ne. Na jira har aka kira la'asar, ba ta amsa ba. Alhamis biyu na sake tsayawa a wurin, haka dai.

Ranar wata Asabar da hantsi ina shanya wanki, mai kifin nan ta shigo ta tsaya a tsakar gida ba ta zauna ba. Ban bari ta faɗa ba, na ɗauki mayafi na fita. Kafin in isa an riga an yi wanka, an yi sutura. Na tsaya a bakin titi wajen mai gyaran keke, cikin 'yan kallo, aka fito da makara ta zaure. Abin da ke cikinta ɗan kaɗan ne. Yaya yana gaba. Ya gan ni, na ga ya gan ni. Suka wuce. Kwana uku ana zaman makoki a gidan da aka haife ni, mata suna shiga suna fita, har waɗanda ba su taɓa gaishe ta tana da rai ba. Ni na zauna a nawa gidan, matan majami'a suka kewaye ni.

Bayan sadakar arba'in, da rana tsaka, na ji sallama a ƙofata, muryar da ba ta taɓa yin sallama a nan ba. Yaya ne, shi kaɗai, da ƙafa. Na shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba. Na kawo ruwa, ya karɓa ya riƙe. Muka yi wa juna gaisuwar rashi kamar baƙi. Ya ce akwai maganar da ta tsaya masa, ba ya so ya mutu da ita.

Ya ce shi ya sa sakata, wannan gaskiya ne. Amma da jikin Inna ya yi tsanani ya je ya durƙusa a gabanta ya ce zai aika a kira ni, ta zaure ma zan shigo, duk mai magana ya yi. Sau biyu ya faɗa mata, na biyun saura kwana huɗu ta rasu.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce a bar ki tukuna. Ta ce in kin shigo kin zauna kusa da ita nan take za ta yafe miki, ita kuwa ba ta gama fushi ba."

Na tambaye shi ko ta san jikin nata ya kai haka. Ya ce ta sani, kowa ya sani, amma ta ce ita ta san lokacinta, sai bayan Sallah za ta neme ni, in na ɗanɗana. Sallah saura mako uku ta rasu.

Ya ajiye kofin a bakin ƙofa, bai sha ba. Ya ce halinmu ɗaya ni da ita, shi ne ya sha wahalarmu tun yana yaro. Na raka shi har bakin titi, shi a gaba ni a baya. Da muka kai inda masu babur ke tsayawa ya ce in koma, rana ta yi zafi. Na koma.